Yadda Na Ceci Ayabar Surukata Daga Guguwa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Lyon ba, ko da ina so in manta, domin dangin matata sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini da ita a kowane suna da kowane biki.

Bari in fara da laifina na asali. Ni haifaffen Damagaram ne, cikin gari, kuma babana tela ne. Tun da nake ban taɓa yin kunya ɗaya a gona ba. Abin da ya kawo ni Faransa karatun tattalin arzikin noma ne, wato zama gaban ordinatar (kwamfuta) ana lissafin farashin hatsi. Amma ranar da aka je nema mini auren Zainabu, kawuna da ya wakilce ni ya gyara zama ya ce, "Yaron namu injiniyan gona ne." Da labari ya iso ni ban gyara ba. (Wa zai gyara? Sunan ya yi mini daɗi.)

Surukata, Hajiya Mariyama, ta daɗe tana aikin jinya a asibiti kafin ta yi ritaya. Tana da ɗan gida a Rillieux, a gefen Lyon, da lambu a baya wanda bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, amma ta cusa masa tsirrai har babu wurin aje ƙafa. Tun da ta ji an ce injiniya, sunana ya zama Injiniya. Duk Juma'a in mun je cin tuwo sai ta ja ni lambu.

"Injiniya, duba mini wannan. Me ya sa ganyen ya yi ja?"

Ni kuma in sunkuya, in shafa ganye, in yi ɗan shiru irin na masana, sannan in ce, "Ƙarancin taki ne, Hajiya." In ta nuna wani, in ce ruwa ne ya yi masa yawa. Amsoshina biyu ke nan, kuma da su na yi wata huɗu ina cin tuwo cikin mutunci.

To, sai aiki ya hana ni zuwa Juma'a biyu a jere. A mako na uku Hajiya da Zainabu suka tafi Paris sunan jikan Alhaji Isuhu, ƙanen Hajiya, wanda ke fataucin kaya a Aubervilliers. Ranar Asabar da hantsi ina kwance ina more zaman kaɗaici sai waya ta yi ƙara. Hajiya ce, kuma ko gaisuwa ba ta bari mun ƙarasa ba.

"Injiniya, ka ji meteyo? An ce iska mai ƙarfi na tafe da yamma. Ayabata tana waje!"

"Hajiya, ku kwantar da hankalinku. Yanzu zan tafi."

"Panachée ɗin nan fa, ita ce…"

Daidai nan wata ta rangaɗa guɗa a bayanta, sauran maganar ta ɓace. Kalmar dai na ji ta sarai. Ban san ta ba. A sanina panaché wani abin sha ne da Turawa ke haɗawa lokacin zafi, kuma ban ga abin da ya haɗa shi da Hajiya ba. Mutum mai hankali zai ce, "Hajiya, ban gane ba, ku maimaita." Ni sai na ce, "Na gane, na gane. Ai aikina ne."

A cikin bis na fiddo waya na shiga binciken yadda ake kare ayaba daga guguwa. Na faɗa kan wani shafi na manoman tsibiran da mahaukaciyar guguwar teku ke daka duk shekara. Suka ce a shigar da na tukunya cikin ɗaki, waɗanda ba su ɗaukuwa kuma a rage musu ganye don kada iska ta sami abin kamawa. Na karanta layi huɗu na rufe. Kafin in sauka na zama gwani.

Na karɓi makulli wurin maƙwabcinta, wani tsohon Bature mai yawan leƙe ta kan shinge, na shiga lambu. Ayaba uku na tarar cikin tukwane. Biyu manya ne, kore shar, ganyensu ya fi ni tsawo, gwanin sha'awa. Ta ukun ƴar ƙarama ce, ban taɓa ganin ta ba, an ajiye ta a lungu ita kaɗai. Ganyenta duk ratsin fari, wani ma rabinsa fari fat kamar an zuba masa nono. Ina ganin ta na girgiza kai na ce, "Allah sarki, cuta." Har na yaba wa Hajiya a raina da ta yi dabarar ware ta daga masu lafiya.

Na fara da manyan. Wanda bai taɓa jan tukunyar ayaba mai cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, kada ya yi mini magana. Na ja, na tura, na mirgina, na taka wata fulawa, wandona ya yage, bayana ya amsa. Sai da na yi awa guda kafin in kai su garaji, na lulluɓe su da tsohon bargo kamar masu jego.

Sannan na dawo kan marar lafiya. Na ɗauko almakashin lambu na datse ganyen, ɗaya bayan ɗaya, guda shida. Da na leƙa jikin karan sai na ga shi ma da ratsin fari. Ashe cutar ta shiga ciki. Na koma kicin na ɗauko wuƙar yankan nama.

Tsohon nan ya ɗago kai ta kan shinge. "Monsieur, vous êtes sûr?" Wai ko na tabbata da abin da nake yi.

Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Je suis agronome." Ni masanin gona ne. (Har yau in na tuna yadda na faɗe ta, da wuƙa a hannu da yagaggen wando, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.)

Na sare ta, na bar kututture kamar taƙi ɗaya. Na tattara ganye da kara na ƙulle a leda, na kai babban kwandon shara na bakin titi don kada cutar ta yaɗu. Na wanke wuƙa da ruwan zafi. Aiki dai na ƙwararru.

Guguwar kuwa? Ta zo wajen la'asar. Ta kayar da kujerar roba ɗaya, ta ɗauke wa tsohon safa daga igiyar shanya, ta wuce abinta. Duk unguwar babu ganye ɗaya da ya karye. Iyakar ɓarnar da aka yi a Rillieux ran nan, ni na yi ta.

Washegari Lahadi na sa shaddata mai ruwan toka na je tarbar su a tashar jirgin ƙasa. Sai na ga ba su kaɗai ba ne, har da Alhaji Isuhu da matarsa. Alhaji ya kama hannuna yana dariya.

"Injiniya, ayabar Yaya na zo gani da idona. Tun jiya ta hana mu cin naman suna."

A mota na kasa yin shiru. Na ba da labarin tukwane da bargo, na ƙara da cewa, "Akwai ma wata matsala da na gano, amma na magance ta." Hajiya ta yi ta sa mini albarka. Zainabu ta dube ni da alfahari. Wannan kallon shi ne na ƙarshe irinsa da na samu a watan.

Muna isa na buɗe garaji, na yaye bargo da hannu biyu. Hajiya ko kallon kirki ba ta yi musu ba.

"Waɗannan ai na kasuwa ne, yuro goma-goma. Ko ƙanƙara ba ta kashe su. Ina ɗayar? Ɗaki ka kai ta?"

A nan ma Allah ya ba ni damar yin shiru, ban ɗauka ba. Na jagorance su zuwa lungu, mutum huɗu a bayana, na tsaya kan kututturen na gyara murya. Na yi bayanin ƙwayar cuta mai cinye koren ganye. Na yi bayanin yadda take yaɗuwa. Na ce da na ƙara kwana biyu ban zo ba, da lambun gaba ɗaya ya tafi. Ina cikin magana na lura babu mai gyaɗa kai. Zainabu ta sa hannu ta rufe baki. Hajiya ta lalubi kujerar robar nan ta zauna a hankali.

Alhaji ya nuna kututturen da sandarsa. "Yaya, wannan ce ta yuro ɗari shida da arba'in ɗin?"

Na ce, "Ɗari shida da me?"

Zainabu ta matso ta ce cikin haƙora, "Panachée, mai ratsin fari ke nan. Haka Allah ya halicce ta. Farin shi ne kuɗin."

Hajiya ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cikin sanyin murya ta ce shekara biyu tana neman irin wannan. A shafin gwanjo na intanet kawai ake samun ta, jefi-jefi, kuma in ta fito masu tara tsirrai daga ƙasashe daban-daban ke rufar mata. Kwana bakwai ta yi tana tayi da wani mutumin Holand, yana ƙarawa tana ƙarawa, kafin ta kayar da shi. Kwananta goma sha biyu a gidan.

Ni fa har cikin kunyar haushi nake ji. Jikka ɗari huɗu da ɗoriya a kuɗinmu na sefa, a kan ayabar da ko ɗa ɗaya ba ta yi ba! A Damagaram da wannan kuɗin sai ka sayi ayabar da za ta ƙosar da unguwa guda har a rabar. Wane irin mutum ne zai ga ganye ya yi fari ya ce kyau ne? Amma ba ni da bakin faɗa, don ni ne tsaye kan gawar.

"Ina ganyen?" in ji Hajiya.

Na nuna bakin titi. Ta ci gaba da kallona. Haka na fita, da shaddata, na buɗe kwandon shara. Ledar ta nutse can ƙasa, sai da na zura rabin jikina ciki, ƙafafuna na lilo a sama. Da na ɗago, ga tsohon Baturen tsaye da karensa. Ya ɗaga mini hula ya ce, "Bonjour, monsieur l'agronome."

Hajiya ta wanke ganyen ta jera su kan tebur. Sannan ta ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, me ka karanta?"

Na faɗa mata gaskiya, har da amsoshina biyu. Alhaji ya yi dariya har sai da matarsa ta kawo masa ruwa.

Da a nan abin ya tsaya, da na gode. Amma na ƙudura sai na wanke kaina. Ban gaya wa kowa ba na yi rajista a shafin gwanjon da sunan "Damagaram" da wasu lambobi, na yi ta dako. Bayan wata biyu sai ga irinta ta fito, ƴar mitsitsiya mai ganye uku. Na taya ɗari biyu. Wani ya ƙara. Na ƙara, ya ƙara. Kwana biyar muna wannan, ina ofis ina zufa ina tsine wa Bature marar aikin yi da ya rasa inda zai kai kuɗinsa. Da aka kai ɗari bakwai da hamsin na tuna kuɗin haya, na janye, na bar masa.

Juma'ar da ta biyo muna cin tuwo, Hajiya ta ce ta sami wata ayabar, tana hanya. Muka yi barka. Sai ta aje cokali.

"Da ɗari uku zan same ta, don wannan karon babu kowa. Sai ga wani marar tsoron Allah ya liƙe mini, ya yi ta tura farashi har ɗari bakwai da sittin." Ta juyo ta dube ni. "Wai shi Damagaram."

Zainabu ta tashi ta shige kicin, ina jin ta tana dariya har da buga ƙofar firiji.

"Injiniya," in ji Hajiya, "don girman Allah ka daina taimako na."

Kututturen ya yi toho da bazara, ya fito kore shar, babu ɗigon fari ko ɗaya. Hajiya ta sa aka kawo mana shi gida, ta ce tun da na warkar da shi, ni ya dace in riƙe. Sabuwar kuwa tana falonta kusa da taga, kuma an yi mini iyaka da ita: daga bakin kafet.

Abin da na koya ba shi da yawa. In an faɗi kalmar da ban sani ba, yanzu nakan tambaya, ko da a gaban surukai ne. In kuma na ga wani abu a gidan mutane ya yi kama da marar lafiya, nakan fara tambayar nawa aka saye shi kafin in nemi wuƙa.