Dogon Idon Ilu Ɗan Ikko

"Ni da Bature, fata ce kawai ta raba mu!" Haka Ilu ya sanar da mutanen Maigatari ran da ya dawo daga Ikko.

Ya tarar gari ya sauya. Kuɗin wuri ya ɓace, sai anini. Abokansa duk sun yi gemu da tumbi. Har ana raɗe-raɗin jirgin ƙasa zai biyo ta Gagarawa. Sannan Safara'u, 'yar Kawu Ɗantsoho, wadda ya bari da majina, ta zama budurwar da ke sa samari tuntuɓe.

Abin da Ilu ya zo da shi kuwa tsohon akwatin ɗaukar hoto ne mai ƙafa uku, da idanunsa biyu na gilashi, dogo da gajere. Kai mai karatu, tsakanina da kai, dakonsa kawai gogan ya yi wa wani Bature, bai taɓa leƙa cikinsa ba.

Ya nemi auren Safara'u, Kawu ya ce, "Sana'arka fa?"

"Kama mutum in manna shi a takarda, Kawu."

"To ranar kasuwa ka kama ni da raƙumana kaf. In sun fito, ta zama taka. In ba su fito ba, ka nemi wata."

Ranar kasuwa aka jera raƙuma a bakin gari, Kawu a tsakiya, rawani kamar kwandon kaba. Haladu mai kiwonsu ya ɗaga idanun biyu ya ce, "Wanne ne na wa?"

"Bature ya ce gajere na taro, dogo na abin da ke nesa. Amma me Bature ya sani na girman mutane? In sa wa Kawuna gajeren ido, sai ka ce wani ɗan tsako? Babban mutum sai dogo!"

Kawu ya gyara zama, ya ce, "Yaron nan da tarbiyya."

Sarkin iyayi ya lulluɓa baƙin mayafi ya leƙa. Me zai gani? Hanci guda, shi kaɗai, ya cika akwati, kuma a kife.

"Kawu, lafiya ƙofofin hancinka ke kallon sama?"

"Ubanka ne ke kallon sama! Raƙuman sun shiga?"

"Saura ƙiris!"

Ya rungumi akwati ya ja da baya. Rawani ya shiga. Ya ƙara ja, ya taka faifan mai fura. Ya ƙara, ga wuyan raƙumi ɗaya. Haladu na ta ihu, "Ilu, sa gajeren mana!" Shi ko daga cikin mayafi sai ya ce, "Ba da ni za a wulaƙanta Kawu ba!"

Haka ya yi ta ja har ya wuce turken iyaka, ya faɗa ƙasar Faransi da ɗuwawu, ya zauna kan wani soja mai gyangyaɗi. Soja ya farka ya ga baƙin abu mai ƙafa biyar da dogon baki kamar igwa. Sai da ya more bulalarsa tukuna ya tambayi suna. Ya ƙwace akwati, ya koro Ilu da gajeren ido a aljihu.

Kawu ya ce, "Rana ta dafa ni a banza. Nemi wata!"

Washegari Ilu na ɗaure tabarmarsa yana cewa laifin garin ne, ya yi wa dogon ido kaɗan. Safara'u ta leƙo ta kan danga.

"Yaya Ilu, kada ka karaya," in ji ta. "Ka ci gaba da ja da baya. In ka kai Kano ka leƙo, wataƙila mu shiga duka."