Shaddata a Cikin Baƙin Allo

Ba zan taɓa mantawa da aikin farko da aka damƙa mini a Birnin Kebbi ba, ko da yake na so a ce na manta. Lokacin ban daɗe da gama karatu ba, kwamfuta kuma baƙuwa ce a ofisoshin jiha.

Wani dattijo ɗan kasuwa daga Argungu, Alhaji Garba, ya kawo wa ofishinmu allunan kwamfuta, irin masu ƙatuwar ƙeyar nan da fuskar gilashi. Masu buga takardu suka yi ƙorafin cewa rubutu ba ya fita sosai. Darakta ya ce tunda ni ne mai digiri, in bincika. In allunan ba su da kyau, a mayar wa Alhaji kayansa, kuma ofis ba zai sake karɓar komai daga hannunsa ba.

Ba mu da na'urar auna haske, amma akwai kyamarar ofis, sabuwa, wadda ba ta amfani da fim. Na taɓa karanta dabarar: ka cika allo da fari, ka ga tsawon lokacin da kyamara ke buƙata ta tara haske, ka mayar da shi baƙi, ka sake dubawa. In tazarar tana da yawa, allo mai kyau ne. In kaɗan ce, baƙinsa ya koma toka-toka, rubutu zai dusashe.

Ranar Juma'a da hantsi na yi aikin, ina sanye da farar shadda mai sitaci, ta zuwa masallaci. Na kulle ƙofa don kada a dame ni. Na goge gilashin. Na auna kowane allo ina ɗaukar hotonsa, na maimaita, na sake maimaitawa (ni mutum ne da ke komawa ya taɓa kwaɗo bayan ya kulle shi da hannunsa). Duka suka ba da amsa ɗaya: baƙin ba baƙi ba ne. Na rubuta rahoto cike da "mai yiwuwa" da "a iya fahimtata", amma ƙarshensa a fili yake: a mayar da kaya.

Aka kira Alhaji daga Argungu. Ya zauna gaban kwamitin ofishinmu, hannuwansa a kan gwiwa, na karanta rahoton. Bai yi gardama ba. Cewa kawai ya yi tun kafin a yi jihar yake kawo kaya, ba a taɓa mayar masa da ko allura ba, amma in ilimi ya ce haka, ya karɓa. Har yau wannan maganar tana mini nauyi.

Sai Darakta ya ce a nuna hotunan, don a cika adalci. Na buɗe hoton baƙin allon, na ƙara masa haske don kowa ya ga aibin. Alhaji ya sa tabarau, ya matso.

"Ɗana, wanga hwarin abu na tsakiya, mi na na?"

Na ce mai yiwuwa hasken da ke tsiyaya ne daga cikin allon, wato shaidar lalacewar ke nan.

Ya ƙara matsowa. "To haske na da aljihu? Ga aljihu nan, ga kuma aikin wuya."

Na duba. Ni ne. Ga ni tsaye cikin gilashin, kyamara a fuska, hasken taga ya bugi shaddata ta dawo cikin allon tar. Ashe duk hantsin nan farin rigata na yi ta aunawa.

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Darakta ya rufe rahoton a hankali, ya ce a sa labule, a kashe fitila, in sake aunawa a gabansu. Na sake. Allunan lafiyarsu lau. Masu buga takardu ma, ashe taga ce ke haske musu gilashi. Juya teburansu kawai aka yi.

Na bi Alhaji har bakin mota, na durƙusa ina ba shi haƙuri. Ya ɗago ni.

"Ba komi, ɗana. Shaddar dai mai kyau ta. Ina ka saye ta?"

Tun daga ranar, in na auna abu na ga aibi, ba na saurin rubuta sunan mai shi. Sai na fara matsawa gefe, in ga ko aibin zai matsa tare da ni.