Yadda Za Ka Yi Renon Itacen Surukinka a Hunturun Chuncheon

Surukinka bai taɓa yabonka ba? Kwantar da hankalinka. Ga hanyar da maƙwabcina a nan garin Chuncheon, Pyo Man-sik, ya bi, kuma na ba ka tabbaci, in ka bi ta sau da ƙafa, dangin matarka za su daɗe suna zancenka.

1. Karɓi amana da hanzari

Tsohon zai tafi birnin Busan jinyar gwiwa, zai bar tukunyar jindalle, ɗan itacen nan mai fure ruwan hoda da marigayiya matarsa ta dasa. Duk bazara, ranar tunawa da ita, furensa yake yanka ya kai mata kabari. Yi wuf ka rungume tukunyar kafin wani ya riga ka. Zai ce, "A baranda za ka bar shi, ka naɗe tukunyar da karan shinkafa." Ka ce, "To, Baba." Ba sai ka saurara ba, gyaɗa kai kawai ake bukata.

2. Ji tausayi

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba, leƙa baranda. Ganye ya kakkaɓe, itace ya koma tsinke. Abin da Pyo ya gani ke nan tausayi ya kama shi. Shigo da shi falo, ka ɗora a kan daɓen nan da ake ɗumamawa ta ƙasa, daidai inda kake miƙewa in bayanka ya ƙage. Mutumin kirki ba ya kwana a ɗumi amanarsa tana waje.

3. Toshe kunne

Matarka za ta ce, "Baban Yun-a, itacen kan dutse ne fa. Sai ya sha sanyi yake barci, sai ya yi barci yake fure a kan lokaci."

Ba ta amsar Pyo: "Ke da ko albasa ba ki taɓa rayawa ba?" Ƙara wa itacen ruwa. Zuba masa taki. In da hali, kunna masa rediyo.

4. Yi shela

Ana tsakiyar sanyi sai ga toho, sai ga fure ya rufe rassa. Ɗauki hoto ka tura wa dangi kaf, har da yayan matarka da ba kwa ga maciji. Surukin kaɗai za ka ɓoye wa, don ya gani da idonsa.

5. Tarbi suruki

Zai dawo bikin sabuwar shekara yana dogara sanda. Pyo har gaban tukunya ya ja nasa surukin, yana washe baki. Tsoho ya daɗe a tsaye.

"Wa ya tashe shi?"

"Ni ne, Baba. Kun ga yadda ya..."

"Na gani. Furen bazara ka ƙarar mini tun yanzu. To ranar me zan kai mata?"

A nan kam ba ni da shawara. Pyo dai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Can tsohon ya ce a miƙo masa almakashi. Ya zaɓi rassan da suka fi cika ya yanke, ya rufa musu gefen rigarsa.

"Tsaye kake? Ɗauko mota mu kai mata. Tun da na aure ta take mitar komai a makare nake kawo mata."

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba ruwansa in itacen ya bushe, ko motarka ta maƙale a ƙanƙarar hanyar maƙabarta, ko ka ga surukinka durƙushe yana kuka ka rasa inda za ka ajiye idonka.