Ranar da Na Hau Dutse a Lamba Biyar

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da Bulus ya dawo daga Japan ba. Taron ilimi jami'a ta tura shi, amma ba wanda ya ji labarin taro. Labarin dusar ƙanƙara kawai muka sha.

Bayan coci muka zauna cin abinci a wani mamak, wato ƙaramin gidan abinci, a unguwar Sri Petaling. Bulus ya fito da waya yana nuna hotuna: ga shi can kan dutsen da ba gida ba titi, dogayen katakan zamiya ɗaure a ƙafafunsa, jagora a gaba. Asabe, wadda na yi wata huɗu ina haɗa kalmomin da zan faɗa mata, ta ja kujera kusa da shi har shayinta ya huce. Kishi ya turnuƙe ni.

"Kowace safiya sai an duba lamba kafin a fita," in ji Bulus. "Daga ɗaya zuwa biyar. Ranar da muka hau, biyu ce."

Biyu kacal? Nan na ce dama ta samu. (A tunanina kamar taurarin otal ne: biyu ta 'yan koyo, biyar ta gwanaye.)

Na gyara zama na ce, "Ba laifi ga mai farawa. Ni da na je Turkiyya, a biyar na hau." (Na je Turkiyya kam. Awa shida na yi a filin jirgi ina jiran canji.)

Bulus ya ajiye wayar a hankali. "Biyar, ɗan'uwa?"

"Biyar cif. Sau biyu ma."

"Ai ba lambar gwaninta ba ce. Wahalar hanya daban ake auna ta. Wannan ta haɗarin zaftarewar ƙanƙara ce. In ta kai biyar ba mai hawa, har tituna rufewa ake yi."

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ce jagorana ne ba ya tsoro.

Sai Asabe ta juyo, karo na farko a ranar da ta dube ni. "Yaya, ba da kai muka shiga ɗakin ƙanƙarar nan na wurin wasa bara ba? Minti goma ka yi." Ta lalubo bidiyon ranar a wayarta ta ɗora a tebur. Ga ni cikin rigar sanyi ta haya, na rungume bango, ina cewa kunnuwana sun mutu, a fitar da ni.

Kowa ya fashe da dariya ban da Bulus. Cewa ya yi, "Ku bar shi, ni ma ranar farko na sha ƙasa." Wannan kirkin nasa ya fi dariyar ƙona min rai, don na ga irin kallon da Asabe ta yi masa. Shi ya raka ta tashar jirgin ƙasa, kuma har yau shi ke raka ta.

Yanzu duk cocin "Lamba Biyar" suke kirana. Ni ma na koyi darasi: in kishi ya sa zan ɗaga lamba, sai na fara tambayar abin da ake aunawa.