Farar Rigar da Na Yi Talla da Ita

Ba na jin akwai ranar da zan manta da wata farar riga da ta shigo shagona a cikin buhun taki, ko da tsufa ya sa na manta hanyar gidanmu. Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma ranar da abin ya faru, da ƙasa ta tsage da na shige ban ko waiwayi takalmina ba.

Ni mai wanki da guga ne a Batsari. Ba da wannan niyyar na yi karatu ba. Na gama makarantar horon malamai, na yi ta zaryar sakatariya neman aiki har masu gadi suka fara tambayata lafiyar mutanen gida. Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, shi ya gaji da ganina ya ce in daina cinye takalmi a banza. Ya ba ni wani ɗan shagonsa kusa da tasha, na samo tsohon injin wanki daga Katsina (mai shi ya rantse mani sabo ne, kuma gaskiyarsa, in dai ba a kunna shi ba), na haɗa da dutsen guga na gawayi tunda wutar lantarki baƙuwa ce a wurinmu. Na sa aka rubuta mani allo da manyan baƙaƙe: Fes-Fes Wanki da Guga na Zamani.

Zamanin dai ya zo, kwastoma ne bai zo ba. Kowane ma'aikaci a garin yana da mai wankinsa tun kafin a haife ni, sauran jama'a kuwa a gida ake yi masu. Sai in wuni ina kora ƙuda ina gaisawa da masu wucewa.

Zaman banzan nan ne ya kai ni ga masu koyar da kasuwanci a waya. Kun san su, waɗanda ke zama cikin mota da tabarau suna cewa duk wanda bai tallata sana'arsa a intanet ba ya rufe shago kawai. Na ƙona data a kansu ba kaɗan ba. Tallata ta farko hotona ne na harɗe hannu a gaban inji, na sa a sitatus, na tura guruf-guruf na 'yan Batsari da Safana. Yayata ce kaɗai ta yi magana, ita ma cewa ta yi na rame. Ta biyu dogon rubutu ne a kan muhimmancin tsafta, wanda ko ni ban iya karanta shi har ƙarshe ba.

Sai na ci karo da wani da ya ce sirrin abu biyu ne: ka nuna kaya kafin aiki da bayan aiki, kuma ka ba mutane dariya tun a farkon bidiyo kafin su wuce. Na ce to, wannan kam gidana aka zo. Tun muna firamare aka san ni da baki.

A lokacin ina neman Rukayya. Tana koyarwa a wata firamare a Batsari, tana zaune wurin gwaggonta, amma iyayenta suna Tsaskiya ta ƙasar Safana. Mahaifinta, Malam Haruna, manomi ne mai kiwon shanu. Ban taɓa ganinsa ba, labarinsa kawai nake ji, cewa ba shi da yawan magana kuma ba a yi masa gaggawa.

Wata ranar kasuwa da damina wani ɗan acaɓa ya tsaya ƙofar shago ya miƙo mani buhu. Ya ce wani dattijo ne ya ba shi, a wanke a goge, shi ɗan acaɓan zai biyo ya karɓa. Ban tambayi sunan dattijon ba, ban tambayi garinsu ba. Na zazzage buhun, sai ga babbar riga ta farar shadda, ko in ce wadda ta taɓa zama fara. Jar laka har kafaɗa, kashin shanu a gefe, tabon goro a ƙirji, ga wani ɗan faci a bakin aljihu da aka ɗinke da shuɗin zare. Wari kuwa sai da na ja da baya.

Mai hankali zai ce innalillahi ya jiƙa ta. Ni cewa na yi alhamdu lillahi, talla ta samu.

Na rataye ta a ƙusa, na kunna waya, na gyara murya irin ta masu shela a rediyo. Abin da na faɗa har yau yana kunnena:

"Jama'a, ku matso ku ga ikon Allah! Wannan ba tsumman goge babur ba ne, riga ce, kuma da mai ita. Ban san shi ba, amma na tabbata da shanu yake kwana, su ne matashinsa su ne bargonsa. Ku dubi facin nan, da shuɗin zare fa, a jikin fara! Baba, in kana jina, ruwa ba ya cizo."

Sannan na wanke ta. Nan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na yi aiki. Na jiƙa, na cuɗa da hannu domin injin ya ce ba da shi ba, na sa bula da sitaci, na goge har tana ɗaukar ido. Na ɗauki hoton bayan aiki, na haɗa su, na saki.

Abin ya tashi kamar wutar kara. Daga wannan guruf zuwa wancan, har abokan karatuna da ke Kano suna turo mani ba su san ni ne ba. Mutane suka fara kawo kaya, wasu don wanki, wasu don su ga mai bakin. In na ratsa tasha sai ka ji ana "Ruwa ba ya cizo!" ni kuma in ɗaga hannu kamar ɗan takarar kansila. Kawu Sale ya fi kowa murna. Ya sa aka tura masa a wayarsa, duk majalisar da ya zauna sai ya kunna.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Da na je zance, Rukayya ta sunkuyar da kai ta ce, "Don Allah ka goge bidiyon nan."

Na ce, "Saboda me?"

Ta ce, "Ka dai goge."

Ni kuwa na gyara zama na yi mata lacca a kan kasuwancin zamani, yadda ake jawo hankalin jama'a, da yadda mutanenmu ba su waye da talla ba. (Allah Ya ba matan malaman da ba su samu aji ba haƙuri.) Ta dube ni wani iri, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta fasa. Ta ce, "Shi ke nan. Baba ya ce a zo da kai ya gan ka."

Murna ta sa na manta da maganar gogewa.

Ranar tafiya na saka kaftanina mafi kyau, na hau bayan babur ɗin Kawu. Hanyar Tsaskiya da damina sai mai haƙuri. Gero da dawa sun rufe gefe da gefe, taɓo a tsakiya, kafin mu isa ƙafar wandona ta koma kalar hanya. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura da nono mai sanyi. Ƙannen Malam Haruna da wasu dattawan unguwa suka zauna, aka yi ta gaisuwa, ya damina, ya dabbobi, ya kwanan jama'a, ya aka ji da hanya. Ni dai kaina na ƙasa kamar mutumin kirki.

Sai aka yi gyaran murya daga cikin gida, mai gidan ya shigo. Na durƙusa. Da yake idona a ƙasa yake, gefen rigarsa na fara gani. Fara tas, karin guga a tsaye. Har na ce a raina, wanda ya yi wannan gugar ya san aiki. Na ɗaga ido kaɗan. Bakin aljihu. Faci. Shuɗin zare.

Na amsa gaisuwarsa da wata murya da ban san ina da ita ba. Na shiga lallashin kaina: ai faci ba na mutum ɗaya ba ne, ai shuɗin zare ko'ina ana sayarwa, kuma dattijon ƙauye ina ruwansa da sitatus? In dai na yi shiru aka tashi lafiya, ina hawa babur zan goge.

Malam Haruna ya zauna, ya dubi Kawu ya ce, "To, mi yaron yake yi?"

Kawu Sale ya washe baki. "Ai Malam, wannan yaron da kake gani, duk Batsari ba wanda bai san shi ba. Wanki da guga yake, amma na zamani. Har a waya yake talla. Bari ma ku gani da idonku."

Ya sa hannu a aljihu. Na yi tari. Na ƙara tari. Na ja masa gefen riga. Ya buge mani hannu ya ce wa dattawan, "Kunya gare shi, haka yake tun yana yaro." Ya ƙure ƙarar wayar, ya miƙa ta tsakiyar tabarma.

"Jama'a, ku matso ku ga ikon Allah!"

Ban taɓa sanin muryata tana da muni haka ba. Ta cika zauren. Kawu yana dariya yana bugun cinya, yana waige-waige ya ga wa zai taya shi. Ba wanda ya taya shi. Dattawan nan kowa ya sami abin kallo a jikin tabarma. Da aka zo wurin "da shanu yake kwana," wani daga cikinsu ya ce "Subhanallahi" a hankali. Da aka zo wurin faci, sai Malam Haruna ya sa yatsa biyu ya ɗaga bakin aljihunsa, ya duƙo da shi kusa da wayar, ya ce, "Wannan ko?"

Dariyar Kawu ba lokaci ɗaya ta mutu ba. Sai da ta yi ta raguwa kamar janareton da mai ya ƙare masa. Ya dubi waya, ya dubi aljihu, ya dube ni. Ya rasa inda ake kashewa, yana ta danne-danne, har muryata ta samu ta ƙarasa: "Baba, in kana jina, ruwa ba ya cizo."

Malam Haruna ya ce, "Ina jinka."

A raina na riga na yi ban kwana da Rukayya, na fara tunanin ko akwai garin da ba su da waya in koma can. Na faɗi gabansa na ce, "Baba, ka yafe mani. Wallahi ban san taka ba ce."

Ya ce, "In da ta wani ce fa?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

Ya bar ni a durƙushe. Sannan ya yi magana, ba faɗa ba tsawa. Ya ce shi ya aika da rigar da gangan, yana so ya ga aikin wanda ke neman ɗiyarsa, kuma shi ya hana Rukayya ta faɗa mani. Ya dawo daga ɗaurin aure ne ya tarar da saniyarsa ta zurma rami, ya shiga da rigar a jikinsa. Bidiyon kuwa tun washegarin fitarsa aka nuna masa a kasuwa.

"Maganar kwana da shanu," in ji shi, "ba ka yi ƙarya ba. Tunda aka kore na maƙwabcina, a bakin garke nake shimfiɗa. Su ne abincin gidan nan, da su aka yi wa Rukayya karatu."

Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.

Sai ya shafa hannun rigar, ya juya ga ƙannensa. "Amma ku dubi aikin. Na yi zaton ta tashi daga aiki, ga ta kamar yau aka ɗinko. Hannunsa na da kyau, ba raggo ba ne. Bakin ne dai ba a jiƙa ba." Wani tsoho a gefe ya fashe da dariya, sauran suka bi, har shi kansa Malam Haruna sai da haƙoransa suka fito. Ya ce, "Tashi ka shanye furarka. Ku turo manyanku."

Ban san lokacin da na ce amin ba, alhali ba addu'a aka yi ba. Wani iska mai sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Ban taɓa shan fura mai daɗin wadda ta rage a kwanon nan ba.

Muka kamo hanyar dawowa ni da Kawu. Sai da muka hango rufin kwanon Batsari ya tsayar da babur, ya kifa kai a kan kan babur ɗin, ya yi ta dariya har da hawaye. Ya ce, "Ni fa na kunna! Da hannuna!"

Na goge bidiyon a wayata, amma wa zai bi wayoyin jama'a? Na yi wani na ba da haƙuri, cikin ladabi da natsuwa, na tura duk inda na tura na farko. Ina jin yayata ce kaɗai ta kalle shi har ƙarshe. An ɗaura aurenmu bayan kaka, kuma har yanzu in na je Tsaskiya gaisuwa, surukina kan tambaye ni lafiyar inji kafin ya tambayi tawa.

Talla dai ban daina ba, don da ita shagon ke tsaye. Sai dai yanzu ba na ɗaukar hoton kayan kowa sai na tambaye shi, kuma in ina ɗauka bakina a rufe yake, mai kallo ya gani da idonsa. Na gane cewa duk tsumman da ya shigo shagona akwai wuyan da ke fitowa ta cikinsa, kuma mai wuyan nan, ko yana da waya, ko yana da ɗiya.