Ranar Da 'Yar Fanifo Ta Zo Neman Aminin Ubanta

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren jikana Nura ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Ranar ce na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, da furfurata, da babbar rigata mai aiki, a ƙofar gidana.

Sai na fara da sunan da ake kirana da shi, Fanifo, don baƙo zai ce wane irin suna ne wannan a kan tsoho manomin shinkafa a ƙasar Bunkure. Sunan wani Bature ne ɗan Ingila, safiyo, cikin waɗanda suka zo awon ƙasa lokacin da ake haƙa kanal ɗin da muke noman rani da shi yanzu. A takarda Fenniford ake rubutawa, bakinmu ne ya sassaƙe shi. Ina saurayi aka ɗauke ni aiki a wurinsa, mai riƙe sandar awo. Aikin ba wuya. Ka tafi can nesa ka kafa doguwar sanda mai lambobi, ka tsaya ƙiƙam, shi kuma ya sunkuya bayan wata na'ura mai ƙafa uku yana leƙenka, yana yi maka nuni da hannu ka matsa nan ko can.

Ko wata ban cika ba ya kore ni. Abin da na tsira da shi wata tsohuwar malafarsa ce. Na riƙa kifa ta a ka, in goya hannu a baya, in bi gonakin mutane ina kanne ido ɗaya kamar mai awo. Samari suka fara kirana Fanifo don tsiya, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu. Da aka kai ɗana na fari firamare aka tambaye shi sunan uba, yaro ya faɗi wanda ya saba ji. Hedimastan tsohon akawun kamfanin haƙa kanal ɗin ne, sai ya rubuta shi daidai yadda mai sunan ke rubutawa. Ƙannensa suka bi, jikoki suka bi, sunan ya zama namu.

Shekaru suna tafiya, waɗanda suka ga abin da idonsu suna raguwa, labarina yana ƙiba. Watan da ban cika ba ya zama shekara, shekara ta haifi 'ya'ya. Na ce kwano ɗaya muke ci da Bature. Na ce ba ya yanke inda kanal zai bi sai ya ji ta bakina. Na ce ranar tafiyarsa ya rungume ni ya ce ba shi da abin da zai bar mini da ya wuce sunansa. Har ma'ana na yi wa sunan: na gidan sarauta ne a Ingila, wai "mai iko da ruwa". (Ni da karatuna ya tsaya a ajin yaƙi da jahilci.)

Mutum ɗaya ya rage da ya san gaskiya, Tanko, ɗan kawuna, taubashina, wanda ya yi leburanci a wurin har aka gama aikin. In ina zuba a majalisa sai ya yi ta taunar goro yana kallon sama. In na dire ya ce, "Tubarkalla. Bara labarin bai kai haka tsawo ba. Taki kake sa masa?"

Wadda ta fi kowa yarda da ni ita ce jikata Bilkisu, yayar Nura, ma'aikaciyar jinya a Kano. Tun tana kan cinyata take jin labarin. Ana shirin biki ta zo gida, ta same ni ina duba irin albasa, fuskarta cike da fara'a.

"Ango, albishirinka."

"Goro, amarya, in dai ba cefane za ki ƙara mini ba."

"'Yar amininka za ta zo bikin Nura."

"Wane aminin?"

"Kana da wani bayan Fanifo?"

Ta zauna ta warware mini. Wata dattijuwa ce a Ingila, 'yar Baturen, ita kaɗai ya haifa. Ta daɗe tana neman masu sunan gidansu ta waya, don sunan ya kusa ƙarewa a can, sai tsofaffi ɗaiɗai. Kwatsam ta ga masu sunan jere a wani ƙauye kusa da Kura, sun fi na ƙasarsu duka yawa. (Bilkisu ta ce da farko hankalin matar ya tashi, ta zaci wani gidan babanta ya ajiye a nan.) Bilkisu ta kwantar mata da hankali, ta ce amintaka ce, ta kwashe labarin kwano ɗaya da runguma ta ba ta. Matar tana ƙarama uban ya rasu, jim kaɗan da komawarsa gida, ba ta riƙe komai nasa ba. Yanzu ga mutumin da ya san shi ciki da bai. Za ta taso takanas ta ji wane irin mutum ne ubanta.

Na ce zafi zai yi mata yawa. Bilkisu ta ce da fanka. Na ce sauron kanal ba ya ragawa baƙo. Ta ce aikinta ke nan. Na ɗauki sandata na nufi gonar tumatirin Tanko.

"Ka rufa mini asiri," na ce masa. "Ranar nan kada ka buɗe baki."

Ya dogara da fartanya ya dube ni sama da ƙasa. "Ni? Me na sani? Ni ai lebura ne, daga nesa nake hango ku kuna cin tuwo."

"Tanko, don girman Allah. Yarinyar nan Bilkisu."

"To ka gaya mata gaskiya tun yanzu mana."

Shawara ce mai kyau. Da na bi ta da ba ku ji wannan labarin ba.

Ranar ta zo. An ɗaura aure, an yi addu'a, jama'a sun dawo ƙofar gida sun cika rumfa, ana ta shigo da farantan shinkafa. Sai ga mota. Bilkisu ta fito da baƙuwar, farin gashi fat, sanye da atamfar da aka ɗinka mata, mayafi yana ta zamewa tana ta kamawa. Ta durƙusa a gabana yadda aka koya mata, ta ce "Ina wuni, Baba," alhali ko azahar ba a yi ba. Jama'a suka ji daɗi. Aka sa mata kujera kusa da tawa, Bilkisu ta tsaya tsakaninmu tana tafinta.

Liman ne ya fara jawo mini. Ya ce a tambaye ta, gidan sarautar nasu yana nan har yanzu? Matar ta yi dariya ta ce ba su haɗa komai da sarauta ba. Kakanninta talakawa ne mazauna wani ɗan ƙauye a bakin fadama, inda ake tsallake ruwa da ƙafa. Sunan wurin ne ya bi su, kamar yadda mutum a nan zai sa Kura ko Bunkure a bayan sunansa. Ma'anarsa, in ji ta, mashigin fadama.

Daga can baya na ji muryar Tanko: "Ashe sarautar ta kwaɗi ce."

Na yi maza na ce ai dama haka marigayin ya gaya mini, tsufa ne ya sa na haɗa da wani labarin. Bilkisu ta ɗan kalle ni, amma ta fassara.

Sai matar ta buɗe jaka ta fito da hoto, tsoho, baƙi da fari. Ta ce shi kaɗai take da shi na zamansa a nan. Ta miƙo mini da hannu biyu, idonta ya ciko.

Na karɓa. Ga leburori jere, ga katafila a baya. Ga Turawa kuma, su biyu.

Jama'a, ku yi mini adalci. Mai riƙe sanda can nesa yake tsayawa. Abin da nake hangowa malafa ce a bayan na'ura da hannu yana lilo. In kuwa ya matso kusa, ƙasa nake kallo, don haka aka tarbiyyantar da mu. A hoton nan kuma babu mai malafa a cikinsu. Ɗaya dogo ne, mai saje, ƙirji a buɗe, ya tsaya a tsakiya kamar shi ya haƙa kanal ɗin da hannunsa. Ɗayan gajere, mai sanƙo da manyan kunnuwa, ya raɓe a gefe kamar wanda ya zo neman aiki. Na ce a raina, wanda na yi shekaru ina ba da labarinsa ba zai zama mai kunnuwan nan ba.

Na ɗora yatsa a kan dogon. Kuma ban tsaya nan ba. Na girgiza kai, na ce, "Allahu akbar, aminina! Ga shi kamar ya yi magana!" Na ɗaga hoton na nuna wa jama'a. Na ja hannun riga na share ido, kuma wallahi hawayen gaske ne suka zo, don tsoro ma yana kawo hawaye. Na ce sajen nan sau nawa ina riƙe masa madubi yana gyara shi.

Bilkisu ta fassara har da madubin. Matar ta leƙo ta ga inda yatsana yake. Sannan ta faɗi wata gajeriyar magana a hankali. Bilkisu ba ta fassara ba.

"Me ta ce?" in ji Liman.

Bilkisu ta dube ni, muryarta ta yi ƙasa. "Ta ce wannan makaniken kamfani ne. Babanta shi ne na gefe."

Sai Tanko ya yi gyaran murya ya ce, "Ku yi masa uzuri. In ana cin kwano ɗaya, kwanon ake kallo."

Dariyar da aka yi, har mata suka leƙo ta katanga. Wani ya ƙware da shinkafa. Ni dai ban ga kowa ba sai mutum biyu da ba su yi dariya ba: Bilkisu, da matar da ta ƙetaro duniya don ta ji labarin ubanta.

Na cire hula na ajiye a gwiwa. Na ce, "Amarya, fassara mata, kada ki rage komai." Na ce ban ci kwano ɗaya da shi ba, ko kofinsa ban taɓa ba. Bai ba ni suna ba, tsokana ce ta manne. Ko wata ban yi da shi ba. Abu ɗaya na sani nasa, shi ne ranar da ya kore ni.

Ranar an yi ruwa, ramin da aka haƙa ya cika. Aka ce in ɗauko na'urar in tsallaka da ita ta kan wani katako. Ga 'yan mata masu tallar fura a gaɓa, cikinsu har da wadda ta zama kakar Bilkisu. Na ga dama ta samu. Na saɓa na'urar da hannu ɗaya, na sa ɗayan a ƙugu, na hau katako ina taku ɗai-ɗai. A tsakiya santsi ya kwashe ni. Ban iya ruwa ba, taɓo ya riƙe ƙafata, na fara sha. Kafin leburori su iso, mutumin nan ya faɗo da takalmansa, ya cafki wuyan rigata ya ja ni gaɓa. Na'urar da aka ce babu irinta a duk aikin tana nutsewa a gefensa, bai ko waiwaye ta ba. Da ya ga ina numfashi sai ya hau ni da faɗa cikin Turanci, jikinsa na ɓari, ya ce kada ya ƙara ganina. Ina tafiya ya aiko direbansa da shayi mai zafi da busasshiyar riga. Malafar kuwa a ruwa na tsince ta washegari.

"Haka aka yi," in ji Tanko, wannan karon ba tsokana. "Ina wurin. Ruwan ya kai masa wuya, gajere ne."

Matar ta rufe baki da hannu, tana kuka tana dariya. Ta ce mahaifiyarta ta sha gaya mata babanta tsoron ruwa yake, ko wanka a teku bai taɓa shiga ba, har tsiya ake yi masa a gida, mai sunan mashigi yana gudun ruwa. Ta ce a sake ba ta labarin daga farko, a hankali. Na sake. Karon farko ke nan da na ba da labari sau biyu bai ƙara tsawo ba.

Da aka natsa na ce mata zan tara yara in ce su ajiye sunan, tunda aro ne ba da izini ba. Ta kama hannun Bilkisu ta ce kada a soma. Ba ta da ɗa, ba ta da ɗan'uwa, a wurinsu daga kanta sunan ya ƙare. In ya zauna a nan bakin ruwa, cikin mutanen da ba don ubanta ya jiƙe ba da ba a haife su ba, ita ta gode.

Bilkisu dai ba ta sake ni da sauƙi ba. Da yamma ta kawo mini abinci ta dire. "Ango, yau saura ƙiris in nemi takardata. Kana da labari mai kyau haka, ka yi shekaru kana ciyar da ni gayan tuwo?"

Abin da na koya dai, da tsufana, shi ne gaskiyar da nake ɓoyewa don ƙanƙantarta ita ce kaɗai ta ishi baƙuwa guzuri. In kuma ka ƙi ji, ka nace sai ka yi aminin ƙarya, to don Allah ka ɗaga kai ka kalli fuskarsa ko sau ɗaya.