Rasuwar Mai Kira, Wadda Aka Tsinta a Bokitin Tawul

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tambayoyin da har yau ba a amsa mini ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar Mai Kira, tsohuwar wayar da ke tsara layi a shagona na aski. Na fita sayen reza na bar ta lafiya lau a kan tebur, na dawo na same ta a nutse cikin bokitin da muke jiƙa tawul. Waya dai ba ta da ƙafa.

Marigayiyar ta yi rayuwa mai tsafta. Ni na rubuta manhajar da ke cikinta da hannuna, a watana na biyu a ajin koyon rubuta manhaja. Na yi mata abin da malamarmu ke kira ƙamus: sunan mutum shi ne mabuɗi, a gabansa a rubuta ko yana jira ko an gama masa. Kujera na yin sarari sai ta duba daga sama, ta ce "ƙirrr, na gaba!" ta nuna suna. Ba ta san babba ba, ba ta san mai turare ba. Da zuwanta faɗan "ni na riga ka" ya ƙare a shagon, kuma ina ƙaunarta saboda haka.

Jinyarta ta fara ne da ƙanin matata. Duk lokacin da ya shigo, ko benci ya cika maƙil, sai ta kira shi kafin ya gama gaisawa. Mutane suka fara kallona ta madubi. Baba Direba, wanda nake yi wa aski tun ina da kujera ɗaya, shi kullum a ƙarshe. Ranar da abin ya ishe shi ya miƙe ya ce, "Yaro, in shagon na dangi ne ka faɗa mana, mu ma muna da inda za mu." Ya kaɗe hularsa ya tsallaka titi zuwa shagon da ke kallonmu, rabin bencin suka bi shi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Malamarmu ta duba gawar manhajar a kwamfuta. Wai ƙamus yana riƙe mabuɗai ne bisa jerin da aka fara shigar da su, kuma in ka sake rubuta sunan da ke ciki, ba ya komawa baya, yana nan a gurbinsa na da. Wai ni ban taɓa goge waɗanda aka gama wa ba, kuma da sunan ƙanin matata na fara gwaji, Baba Direba kuwa ya yi tafiya a makon farko, shi ya sa sunansa ya shiga a ƙarshe. Har ta ƙara da cewa in gode Allah, a tsofaffin na'urori ƙamus ba ya riƙe jeri ko kaɗan.

Na ji bayaninta, amma ban gamsu ba. Wa ya tsaya a kaina ranar gwaji yana cewa, "Yaya, sa sunana mu gani"? Wa ya taɓa zama ajin nan kafin ni ya bari? Kuma abokin aikina, da ya rantse yana share gashi lokacin da ta faɗa ruwa, me ya sa tsintsiyar take bayan ƙofa? Ba na zargin kowa. Ina dai lura.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai sai an karkata ta, da murfin roba, da ni, da ƙanin matata da ya fi kowa kuka, abin da shi ma na lura da shi.

Za a shanya ta a rana har gobe da hantsi, daga nan a kai ta makwancinta a aljihun tebur, kusa da kilifar askin da ta riga ta gidan gaskiya. Ana karɓar gaisuwa a shago. Duk wanda ya ga Baba Direba ya gaya masa ya zo, ba sai ya jira kowa ba. Bencin babu mutum.